Ta Wace Hanya Zan Tallafa wa Taskar Rubuce-rubucen Marubucin da Nake Ƙauna?

Tambaya: Laburaren da nake zuwa ya ware sashe na musamman domin adana littattafai da wasiƙu da rubutun hannu na wani fitaccen marubuci da ya daɗe da rasuwa. Ni da wasu abokaina da muka taso da karatunsa mun tara ɗan kuɗi, ina kuma da tsofaffin bugu na littattafansa da wasiƙu biyu da ya rubuta wa mahaifina. Muna tunanin sayo wani rubutun hannunsa da muka ji za a yi gwanjonsa, mu miƙa wa laburaren. Shin wannan ne mafi dacewa, ko akwai hanyar da ta fi?

Amsa: Malam, Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Na shafe shekaru masu yawa ina aiki a sashen da ake adana irin waɗannan takardu, kuma shawarar da zan fara ba ka ita ce ku jingine maganar gwanjon tukuna, ku je ku zauna da jami'in da ke kula da sashen, ku tambaye shi abubuwa uku. Na farko, nawa ne daga cikin abin da ke hannunsu aka riga aka tantance aka shigar cikin kundin bayani? Na biyu, a wane irin ɗaki da waɗanne irin akwatuna ake ajiye takardun? Na uku, wa ke biyan albashin mutumin da ke kula da su, kuma har zuwa yaushe aka tabbatar da wannan albashi? A mafi yawan wuraren da na sani, amsar waɗannan tambayoyi takan nuna cewa taskar ta fi buƙatar a kula da abin da ta riga ta mallaka fiye da a ƙara mata sabon kaya, kuma a nan ne ɗan kuɗinku zai yi aikin da ya fi girmansa.

Bari in fara da kundin bayani, domin shi ne aikin da masu ba da tallafi suka fi rainawa alhali komai a kansa ya rataya. Idan takardun marubuci suka iso laburare, a cakuɗe suke zuwa cikin akwatuna da jakunkuna: daftarin littafi da aka soke aka sake rubutawa sau uku, wasiƙu marasa kwanan wata, rasiɗai, yankan jaridu, hotunan mutanen da ba a rubuta sunayensu ba. Sai wani ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya rarrabe hannun marubucin da na matarsa ko na sakatarensa, ya ƙiyasta shekarar da aka rubuta wasiƙa daga hatimin gidan waya ko nau'in takarda ko wani lamari da aka ambata a ciki, ya gano wanda aka rubuta wa, sannan ya rubuta bayanin da zai sa ɗalibin da ke wata ƙasa ya san cewa abin da yake nema yana akwati na kaza, jaka ta kaza. Akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi tun bayan da aka shimfiɗa ta a Faransa a shekarar 1841, wato kada a gauraya takardun da suka fito daga hannu ɗaya da na wani hannu, daga baya kuma aka ƙara da cewa a bar su a tsarin da mai su ya bar su gwargwadon iko. Dalili shi ne jerin da marubuci ya yi wa takardunsa shi ma shaida ne. Wasiƙar da aka samu a tsakiyar daftarin babi na bakwai tana iya bayyana abin da ya sa babin ya canja salo, amma da zarar an zare ta an kai ta jakar wasiƙu ba tare da an rubuta inda aka same ta ba, wannan shaidar ta tafi ke nan.

Wannan aiki yana cin watanni, wani lokaci shekaru, kuma ba ya da abin nunawa a ranar biki, shi ya sa yake wuya a samu mai ɗaukar nauyinsa. Na taɓa karɓar akwatunan da aka ba wani laburare kyauta fiye da shekara 20 kafin zuwana, har an yi taro an ɗauki hotuna ranar miƙa su, amma igiyar da magada suka ɗaure su da ita ni na kwance ta. A duk tsawon waɗannan shekaru an yi ta rubuta kundayen digiri a kan marubucin ba tare da kowa ya san cewa amsar wasu tambayoyin tana cikin ginin ba. Ka kwatanta wannan da takardun marubucin Amurka Mark Twain da ke Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, inda aka ajiye ƙwararrun editoci shekara da shekaru suna tantancewa suna kwatanta daftari da daftari. Marubucin ya rasu a 1910, kuma saboda wannan haƙuri ne aka iya fitar da cikakken tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, juzu'i na farko a 2010, na ƙarshe a 2015.

Abu na biyu shi ne mazaunin takardun. Tun daga wajen tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suka koma yin takarda da ɓargon itace maimakon tsumma, kuma irin wannan takarda tana ɗauke da sinadarin asid da ke cin ta daga ciki, shi ya sa za ka ga littafin da bai kai shekara 100 ba ya yi ja yana karyewa a hannu, alhali wanda ya girme shi da ƙarni uku yana nan da ƙarfinsa. Zafi yana hanzarta wannan lalacewa. Ƙiyasin da masu gyaran takarda ke aiki da shi shi ne duk lokacin da aka rage zafin ɗaki da kamar digiri 5, ana kusan ninka tsawon ran takarda. Ana so ɗakin ajiya ya tsaya kusa da digiri 18 zuwa 20 ko ƙasa da haka, laimar iska kuma tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, domin idan ta haura kashi 65 ta daɗe a haka, fumfuna za ta kama. Wani abin da ke da illa kuma shi ne hawa da saukar zafi da laima, wato na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da rana a kashe ta da dare, domin takarda tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana tsukewa har ta gaji. Inda ba a da tabbacin wutar lantarki, ɗaki na tsakiyar gini marar taga mai fuskantar rana, da kantoci na ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa aka janye daga bango saboda gara da ruwa, da akwatunan kwali marasa asid, sun fi na'ura mai tsada da ba ta tsayawa. Akwati mai kyau yana kare takarda daga haske da ƙura, yana kuma rage mata saurin canjin yanayi, kuma yana cikin abubuwa mafi arha da za ku iya saye. Idan jami'in ya ce muku akwatuna da jakunkuna da na'urar auna zafi da laima yake buƙata, kada ku ga kamar ya ƙasƙantar da kyautarku.

A nan ne kuma ya kamata ku tambayi shirinsu game da gobara da ambaliya. A ranar 2 ga Satumba 2004 wuta ta tashi a Laburaren Anna Amalia da ke Weimar a Jamus, garin manyan marubuta Goethe da Schiller, ta cinye littattafai kusan 50,000, wasu dubbai kuma suka lalace da hayaƙi da ruwan kashe gobara. A ranar 3 ga Maris 2009 ginin adana tarihi na birnin Kolon a Jamus ya rufta sakamakon aikin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma cikin abin da ya binne har da takardun marubuci Heinrich Böll, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1972, makonni kaɗan bayan an kammala karɓo su daga iyalinsa. Waɗannan cibiyoyi ne masu kuɗi da ƙwararru, amma abin ya same su. Takardar da ta jiƙe tana da kamar kwana biyu kafin fumfuna ta fara cin ta, kuma hanyar ceto ita ce a daskarar da ita cikin firiza nan take, a busar daga baya a hankali. Laburaren da ya riga ya san wanda zai kira da inda zai kai jiƙaƙƙun takardu cikin dare, da kuma akwatunan da za a fara fitarwa, ya yi nisa wajen kare taskarsa.

Mutane da yawa sukan ce mini a ɗauki hoton komai a sa a intanet, shi ke nan an huta. Ɗaukar hoton yana da amfani ƙwarai, domin yana rage taɓa asalin takardar, yana kai ta ga wanda ba zai iya tafiya ba, kuma idan masifa ta auku akwai abin da ya rage. Amma sai an tantance kafin a ɗauka, in ba haka ba an mayar da tarin takardu marasa suna tarin hotuna marasa suna. Sannan fayil ɗin kwamfuta ya fi takarda buƙatar kulawa. A 1986 BBC ta tattara bayanai a kan rayuwar Birtaniya a wasu faya-fayai na zamanin domin cika shekara 900 da kundin ƙidayar filayen Ingila na shekarar 1086, amma kafin a yi shekara 20 na'urorin karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali kundin na 1086 da aka rubuta a kan fata yana nan ana karanta shi. A watan Oktoba 2023 kuma masu kutse sun durƙusar da na'urorin Laburaren Birtaniya, aka yi watanni masu bincike ba sa iya amfani da kundin bayaninsa yadda suka saba. Saboda haka idan za ku ɗauki nauyin wannan aiki, ku tabbatar akwai kwafi aƙalla uku, ɗaya a wani gari dabam, kuma an ware kuɗin duba su da sauya musu ma'ajiya lokaci zuwa lokaci.

Yanzu ga maganar yadda za a ba da kuɗin, wadda a ganina ita ce ta fi raba tallafin da ke ɗorewa da wanda ke ƙarewa da ranar biki. Kyautar da aka ɗaure da sharuɗɗa masu yawa takan zama nauyi. An sha ba laburare kuɗi a ce sai dai a sayi littafi da su, a bar shi yana da kuɗin sayen abin da ba shi da wurin ajiyewa, ba shi kuma da mai tantancewa. Ku rubuta cewa kuɗin na kula da taskar wannan marubuci ne, ku bar wa masu aikin su zaɓi abin da ya fi gaggawa, ku nemi su riƙa ba ku rahoto a rubuce sau ɗaya a shekara. Idan kuɗin suna da ɗan kauri, ku yi tunanin waƙafi, wato a juya uwar kuɗin a riƙa kashe ribar kawai. Cibiyoyi da yawa suna kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na asusun a shekara domin kada uwar kuɗin ta zaizaye, ma'ana duk abin da kuke so a riƙa samu a shekara sai kun tara ninkinsa 20 zuwa 25. Lissafin yana da nauyi, amma gara ku san shi tun yanzu. Misalin da aka fi kawowa shi ne Laburaren Folger da ke Washington, wanda Henry Folger da matarsa Emily suka kafa domin Shakespeare, aka buɗe shi a 1932. Yana da kwafi 82 na bugun farko na tarin wasannin marubucin da aka yi a 1623, daga cikin kusan 235 da aka san sun rage a duniya. Abin da ya raya shi har yau shi ne sun bar masa dukiyar gudanarwa, suka kuma danƙa kulawarsa ga amintattun Kwalejin Amherst, cibiyar da ta girme su kuma za ta daɗe bayansu. Folger ya rasu a 1930 kafin a gama ginin, karyewar tattalin arziki ta rage darajar abin da ya bari, sai matarsa ta ƙara daga nata. Idan ba ku da ƙarfin waƙafi, alkawarin ba da adadi kaɗan kowace shekara har shekara biyar ya fi wa laburare amfani a kan dunƙule ɗaya, domin da shi ne zai iya ɗaukar ma'aikaci ya san zai biya shi.

Wannan ba ya nufin saye a gwanjo kuskure ne a kowane hali. Akwai lokacin da abu ke fitowa kasuwa sau ɗaya a ƙarni, idan aka bari ya shiga hannun wani attajiri ba za a sake ganinsa ba. A 2021 aka shirya gwanjon tarin Honresfield a Birtaniya, wani tarin takardun fitattun marubutan ƙasar, wanda ya ƙunshi waƙoƙin Emily Brontë da hannunta, da wasiƙun Jane Austen, da rubuce-rubucen Walter Scott da Robert Burns. Ƙungiyar abokan laburarorin ƙasar, wadda aka kafa tun 1931, ta nemi a ɗage gwanjon, ta tara fam miliyan 15, rabi daga attajiri Leonard Blavatnik, sauran daga gidauniyoyi da dubban mutane masu ba da kaɗan-kaɗan, aka saye tarin gaba ɗaya aka rarraba wa laburarori da gidajen tarihi. Abin lura a nan shi ne cibiyoyin da kansu suka ce suna so, kuma sun shirya karɓa. Don haka idan rubutun da kuka ji labari yana da muhimmanci, ku sanar da laburaren, ku bar shi ya bincika ya yi tayi da kansa da taimakon kuɗinku. Shi ne zai iya kwatanta hannun da wanda ke wurinsa, ya nemi tarihin hannayen da takardar ta bi tun daga marubucin, domin jabun rubutun mashahuran marubuta sana'a ce tsohuwa, kuma takardar da aka sato daga wata taska takan ɓullo a kasuwa. Yana kuma yiwuwa ku shiga gwanjon ku yi ta ƙara farashi a kan wakilin laburaren da kuke son taimaka wa ba tare da kun sani ba.

Game da wasiƙu biyun mahaifinka, su ne a wurina suka fi komai daraja a cikin abin da ka lissafa, domin babu kwafinsu a ko'ina. Kafin ka kai su, kada ka yi musu gyaran komai. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, domin gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, kada kuma ka bari a rufe su da leda a na'ura mai zafi, wanda shi ne ɓarnar da na fi gani daga masu kyakkyawar niyya. Ka bar su cikin ambulan ɗinsu idan yana nan, saboda hatimi da adireshi. Ka zauna ka rubuta a wata takarda dabam duk abin da ka sani: wane ne mahaifinka, yadda suka san juna, abin da ya jawo wasiƙun, inda aka ajiye su tun daga lokacin. Wannan bayani a kanka kaɗai yake, kuma idan ba ka rubuta shi ba zai tafi tare da kai.

Sannan ka yanke shawara ko kyauta za ka bayar ko ajiya ta amana, ka kuma sa hannu a yarjejeniya a rubuce. Kyauta tana mayar da mallaka ga laburaren, ajiya kuwa tana barin ta a hannunka da na magadanka, waɗanda za su iya zuwa su karɓe bayan an kashe kuɗi an gyara an tantance, shi ya sa laburarori ba sa son zuba dukiya a kan abin ajiya. Ni kyauta nake ba da shawara, tare da sharaɗin cewa idan aka rufe sashen za a miƙa takardun ga wata cibiya da ka ambata. Illar barin magana a baki ta bayyana a takardun marubuci Franz Kafka. Ya rasu a 1924 bayan ya umarci abokinsa Max Brod ya ƙone su, Brod ya ƙi, ya tsere da su daga birnin Prague zuwa ƙasar da take Isra'ila a yau a 1939, da ya rasu a 1968 kuma abin da ke hannunsa ya koma ga sakatariyarsa ƙarƙashin wasiyyar da aka yi ta jayayya a kan ma'anarta. An sayar da daftarin ɗaya daga cikin manyan littattafansa a gwanjo a 1988, ya tafi taskar adabi ta Marbach a Jamus, sauran kuma aka yi ta shari'a a kansu har sai da kotun ƙolin Isra'ila ta yanke hukunci a 2016. Kusan rabin ƙarni masu bincike ba su samu ganin wani ɓangare na takardun ba.

Ka kuma sani cewa mallakar takarda dabam take da haƙƙin mallakar abin da aka rubuta a cikinta. Wasiƙar taka ce, amma ikon buga kalmominta yana hannun magadan marubucin har wa'adin doka ya cika, wanda Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta sa mafi ƙarancinsa shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma suka mayar da shi 70. Idan kana da kusanci da iyalin, shawo kansu su ba laburaren izini a rubuce taimako ne babba da ba ya cin ko kwabo. Da yardar iyalin marubuci Gabriel García Márquez ne Cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas ta sa shafuka fiye da 27,000 na takardunsa a intanet a 2017, shekara uku kacal bayan rasuwarsa. Idan kuma akwai abin da ke cikin wasiƙun da kake jin nauyinsa saboda mutanen da ke raye, ka nemi a rufe su na adadin shekarun da za a rubuta a yarjejeniya. Kada ka cire shafi, kada ka soke layi. 'Yar'uwar Jane Austen ta ƙone mafi yawan wasiƙunta domin kare sirrin iyali, kusan 160 kawai suka rage, kuma har yau masu nazarinta suna jin zafin wannan giɓi.

Tsofaffin bugun da ke wurinka, ka aika da jerinsu tukuna kafin ka ɗauko su, domin mai yiwuwa suna da irinsu, kuma kowane littafi da aka karɓa yana cin wuri da lokacin ma'aikaci. Kada ka ji haushi idan suka zaɓi biyu suka bar takwas. Abin da taskoki suka fi rasa sau da yawa shi ne abin da ba wanda ya ɗauka da daraja a lokacinsa: bugu mai arha na 'yan makaranta, fassarori zuwa wasu harsuna, sharhin jaridu na makon da littafi ya fito, takardar sanarwar wasan kwaikwayo, kwafin da wani malami ya cika gefensa da bayani. Da waɗannan ake gane yadda aka karanta marubuci a kowane zamani. Idan akwai dattawan da suka san shi ko suka yi aiki da waɗanda suka san shi, ɗaukar muryarsu da izininsu aiki ne da ku da abokanka za ku iya farawa a wannan watan, haka ma kwafe wasiƙu masu wuyar karantawa zuwa rubutun kwamfuta ƙarƙashin jagorancin jami'in sashen.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin nan, zan ware kaso mafi girma domin biyan ƙwararren da zai tantance akwatunan da ba a taɓa buɗewa ba ya fitar da kundin bayaninsu a intanet, kaso na biyu domin akwatuna da jakunkuna marasa asid da na'urar auna laima, sauran kuma in sa su zama ɗan tallafin tafiya ga ɗalibi ɗaya a kowace shekara da zai zo ya yi bincike a taskar ya gabatar da abin da ya samu a bainar jama'a. Wannan na ƙarshe yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba: idan lokacin rage kasafin kuɗi ya zo, hukumar laburare rajistar masu amfani da sashe take dubawa kafin ta yanke wanda za ta rufe.